Ƙullin Bahago

Nvou ce ta aiko yaro har rumfata a Dilimi,
wai taraktar babanta ta daina riƙe wuta.
Batir biyu ta cinye tun saukar ruwan fari,
ga irin dankali ya tsiro a buhu,
yana jiran kunya.

Na shiga motar Bukuru, na sauka, na taka zuwa Shen.
Can na same ta bisa tudu,
hancinta na kallon tsohon kududdufin kuza,
jan fentinta ya koma kalar tukar goro.
A tudun take kwana kullum,
da safe samari huɗu su tura,
gangara ta yi musu aikin makulli.

Muka tura, ta yi tari, ta kama.
Jar fitilar gaban direba ta ƙi rufe ido,
tana kallona kamar mai bina bashi.

Nvou ta ce, “Dainamo ne, Baba Talle, a sayo wani.”
Na ce, “Ɗiyata, ba a yanke ƙafa don ƙaya.
Bari mu tambayi kowa tukuna.”

Na danna bel da babban yatsa, bai saki ba.
Na kankare farin gari daga kan batir,
na leƙa ruwansa rami shida, duk a cike.
Na buɗe bayan dainamo:
gawayinsa biyu da sauran tsawo,
ba ƙauri, ba ƙuna.
Na zare bel, na ba shi wuta kai tsaye,
sai ya juya, luf-luf, kamar dutsen niƙa a hannun gwana.
Wannan ba ɓarawo ba ne.
Yana haifar wuta,
a hanya ake tare ta.

Hadari ya taso daga wajen Vom.
Ni da ƙwan fitilata mai wutsiya biyu
muka bi waya taku-taku,
nan ta haska, nan ta haska,
ƙarƙashin tankin mai ta yi shiru.

Na cusa hannu cikin baƙin maiƙon shekaru,
na taɓo wani kumburi
naɗe da tsinken robar tayar keke.
Na warware a hankali.
Jan ƙarfen ciki ya zama tsanwa,
yana marmashewa kamar busasshiyar kuka,
sili uku kacal suka rage a raye.
Amma ba tsatsar ce ta tsayar da numfashina ba.
Murɗin ne.
Hagu aka murɗa shi.

Duk Dilimi, a zamanin da ake irin wannan ɗauri,
yaron shago ɗaya ne bahago.

Na tuna ranar: maigidana yana zazzaɓi, ya turo ni,
darma ta ƙare, magariba ta kawo kai,
na murɗa, na naɗe, na ce gobe zan dawo in like.
Da Chollom ya cika min aljihu da gyaɗa,
ya raka ni har bakin titi, yana sa albarka.
Goben nan shekararta talatin da ɗaya.
Shi ya kwanta dama bara,
bai taɓa aiko min da ƙorafi ba.

Na yanke ruɓaɓɓen, na feƙe sabo,
na narka darma har ta kwanta tana sheƙi.
Muka tura. Ta kama.
Jar fitila ta yi ƙifta ɗaya, ta yi barci,
allurar mita ta jingina dama.

Nvou ta kwance bakin zane. “Nawa ne?”
Na ce, “An biya tuntuni, da gyaɗa.”
Ta dube ni, ba ta gane ba,
ni kuma ruwa ya sauko, ya rufa min asiri.

Daga bakin titi ina jin garma tana tsaga ƙasa.
Kunyarta ta tashi layi-layi.
Tawa na naɗe cikin jaka,
tare da guntuwar tsanwar waya,
na rataye ta a ƙusar rumfa
inda yarana za su riƙa gani.